Yadda Ake Haɗa Sabulun Wanka na Ruwa Marar Salfet da Sinadarin SCI

Duk wadda ta koyi haɗa sabulun ruwa a irin horon da ake ba mata a unguwanni ta haddace kayan: salfonik, teksafon, soda, nitirosol, gishiri, kala da turare, sai a ƙarshe a ɗiga famalin don kada ya lalace. Wannan haɗin yana wanke kwano da tukunya har su yi ƙyalli, ba mai musu. Matsalar tana farawa ne ranar da aka canza masa kala da turare, aka ɗura shi a kwalba mai kyau, aka ce na wanka ne. Da hunturu ya kama sai ƙorafi ya fara zuwa: jiki ya yi fari fat bayan wanka, fuska tana ɗaurewa, ƙafar yara ta yi kaushi. Irin wannan ƙorafin ne ya kai ni ga sinadaran wanki masu laushi, kuma abin da na fara ganewa shi ne ba a cire teksafon a zuba wani abu a gurbinsa a ci gaba da tsohon tsari. Lissafin daban ne, yadda ake sa shi kauri daban ne, har kayan awon ma sai an sake. Zan yi magana da "ke" saboda mata ne suka fi yawa a sana'ar, maza su yi haƙuri su bi mu a baya.

Mene ne salfet, kuma me ake gudu a cikinsa

Salfet ɗin da ake magana su ne Sodium Lauryl Sulfate, wato SLS, garin nan ko ƙwayoyin da suke kama da shinkafa, da Sodium Laureth Sulfate, wato SLES, wanda kasuwa ta sani da teksafon. Ba guba ba ne, kada ki yarda da masu cewa suna jawo kansa, ba a tabbatar da hakan ba. Laifinsu shi ne ƙarfi. Ba sa bambanta datti da maiƙon da fata take buƙata don ta riƙe ruwanta, duk tare suke kwashewa. SLS ya fi tsanani, har likitocin fata da shi suke amfani idan suna son su fusata fata da gangan a wajen gwaji. SLES ya fi shi sauƙi sosai.

Wanda za mu ɗora haɗinmu a kansa sunansa Sodium Cocoyl Isethionate, a taƙaice SCI. Daga kitsen man kwakwa ake samar da shi. Ba sabon abu ba ne: shi ne ginshiƙin sabulun Dove, wanda ya fito a Amurka tun 1957. Yana ba da kumfa mai kauri kamar kirim, ba ya barin fata a ɗaure, sannan ba ruwansa da ruwan zartsi. Wadda take wanka da ruwan rijiya ko na burtsatse mai gardi ta san yadda sabulun gargajiya yake ƙin kumfa ya bar farin dauɗa a gefen bokiti. SCI ba ya haka.

Kafin ki biya kuɗi, ki karanta sunan da ke jikin buhu ko leda harafi bayan harafi. Sodium Coco Sulfate salfet ne, kalmar kwakwa da ke cikin sunan ba ta wanke shi ba. Sodium C14-16 Olefin Sulfonate ba salfet ba ne, amma ƙarfinsa yana kusa da nasu. Shi kansa salfonik ɗin wanke-wanke, a ilimin sinadarai ba a kiransa salfet, amma ba mai hankalin da zai wanke fuska da shi. Don haka rubutun "babu salfet" a jikin kwalba bai isa shaidar laushi ba. Ki kuma nemi mai sayarwa ya ba ki takardar bayanin kayan, domin farin gari duk kamanninsa ɗaya a ido.

Kayan aiki

Sikeli mai auna giram har da ɗigo biyu, ma'aunin zafi, na'urar auna pH, wato ma'aunin tsami da kaifi, ko takardar gwajinsa mai nuna tsakanin 4 da 7 dalla-dalla, kwanon silba guda biyu ko kofunan gilashi masu jure zafi, tukunyar da kwanon zai zauna a cikinta, cokalin roba, takunkumi, safar hannu, da sifirit mai ƙarfin kashi 70 don goge komai. Kada ki yi amfani da kwanon alminiyam. Cokali da murfin kwalba kuma su huta, a nan ba a awo da su.

Ruwa ya zama tataccen ruwa na turiri irin wanda ake samu a shagunan kayan asibiti da na sinadarai. Ki yi hattara da abin da ake kira ruwan batir, domin wani tataccen ruwa ne, wani kuwa asid ne a ciki.

Lissafin da komai ya rataya a kansa

Kowane sinadarin wanki da kika saya ba tsantsarsa ba ne. Garin SCI yawanci kusan kashi 85 cikin 100 ne sinadarin, sauran kitse ne da tarkacen sarrafawa. Cocamidopropyl Betaine, wanda za mu riƙa kira betain, ruwa ne mai kusan kashi 30. Decyl Glucoside, gulukosaid a bakinmu, kusan kashi 50. Abin da fata take ji shi ne jimillar tsantsar, ba nauyin abin da kika zuba ba. Masu haɗa kayan wanka suna ajiye wannan jimilla a wajen kashi 8 zuwa 10 ga na wanke fuska, 10 zuwa 15 ga shamfu, 15 zuwa 20 ga na wanka.

Ga haɗin kilo ɗaya:

SCI, giram 80
Betain, giram 200
Gulukosaid, giram 60
Tataccen ruwa, giram 590
Gilisarin, giram 40
Xanthan gum, garin sa kauri, giram 8
Disodium EDTA, giram 1
Maganin hana lalacewa na Phenoxyethanol da Ethylhexylglycerin, giram 10
Turare, giram 5
Ruwan sitirik asid, gwargwadon abin da awo ya nuna, sai a cike da ruwa ya kai giram 1000

Yanzu ki duba: SCI kashi 8 ne na haɗin, a ninka da 0.85, ya ba da 6.8. Betain kashi 20 a ninka da 0.30, ya ba da 6. Gulukosaid kashi 6 a ninka da 0.50, ya ba da 3. Jimilla 15.8, wato ƙasa-ƙasan abin da ake so ga sabulun wanka, kuma da gangan na ajiye shi a nan saboda yanayinmu na bushewa. Idan takardar kayanki ta nuna wani adadi daban, da nata za ki yi lissafi.

Me ya sa uku, ba SCI kaɗai ba? Na farko, SCI ba ya son narkewa a ruwa, betain ne yake narkar da shi. Na biyu, sinadaran wanki idan aka gauraya su suna dunƙulewa tare, sai waɗanda suke yawo su kaɗai suna kutsawa cikin fata su ragu. Shi ya sa haɗin biyu ko uku yakan fi kowannensu laushi. Wannan dabarar ce ma ta sa manyan kamfanoni suke haɗa SLES da betain.

Karon farko kada ki yi kilo. Ki raba komai gida 5 ki yi giram 200. Kayan nan suna da tsada, ɓarnar kofi ɗaya ta fi ta bokiti sauƙin haɗiya.

Mataki na 1: shiri

Ki goge kwanoni, cokali, tebur da kwalabe da sifirit, ki bar su su bushe da kansu. Ki auna nauyin kwanon da za ki haɗa komai a ciki tun yana wayam, ki rubuta. Za ki gode wa kanki a mataki na 5. Ki sa takunkumi kafin ki buɗe ledar SCI, ki kashe fanka. Ƙurarsa ta fi ta barkono tashi, kuma idan ta shiga hanci sai kin yi atishawa har hawaye. Idan naki mai kama da gutsattsarin taliya ne, ki niƙa shi a rufaffen abu tukuna, zai rage miki tsayuwa a gaban wuta.

Mataki na 2: narkar da SCI

Nan ne aikin yake, kuma nan ne akasari ake faɗuwa. Ki zuba SCI da betain a kwano ɗaya, ki juya su jiƙa juna. Ki ɗora tukunya da ruwa a wuta, ki sa kwanon a cikin ruwan, kada ya taɓa wuta kai tsaye. Zafin haɗin ya tsaya tsakanin digiri 70 da 75. Ki rufe, kina buɗewa kina juyawa a hankali kina danne gudajin da bayan cokali.

Da farko zai yi kama da kunun da bai dahu ba, fari mai tsaki-tsaki. Can sai ya fara laushi ya koma kamar talge. Gari yakan ɗauki minti 20 zuwa 30, mai ƙwaya ya fi haka. Ido yana ruɗi a nan, don haka ki ɗebo ɗan kaɗan a cokali, ya ɗan huce, ki murza tsakanin yatsu biyu. In kin ji ko da ƙwaya ɗaya kamar yashi, bai yi ba. Na taɓa yin gaggawa a daidai wannan wurin saboda an kira sallar magariba kuma girki yana jira. Haɗin ya fito sumul a ido, na ɗura a kwalabe goma sha biyu. Bayan kwana huɗu da sanyin asuba na duba, sai ga farin tsaki ya kwanta a gindin kowace kwalba kamar gasara. Ƙwayar da ba ta narke ba ita ce take jawo sauran su sake daskarewa a kanta. Sai da na juye su duka na sake ɗorawa.

Mataki na 3: ruwan kauri

Kafin SCI ya gama, ki ɗumama tataccen ruwan a ɗaya kwanon zuwa digiri 70, ki narkar da EDTA a ciki. Aikinsa shi ne kama ma'adinan da ke cikin ruwa, yana kuma taimaka wa maganin hana lalacewa. A wani ɗan kofi ki dama xanthan da gilisarin har ya zama babu busasshen gari ko kaɗan. Sai ki tsiyaya wannan a cikin ruwan zafin kina juyawa da sauri. Idan kika barbaɗa xanthan kai tsaye a ruwa, gudaji zai yi masu santsi a waje da busasshen gari a ciki, kamar an zuba kuka a miya ba a kaɗa ba. Ki ba shi minti 10 ya kumbura.

Na san tambayar da take zuwa: ina gishiri? Gishiri yana sa teksafon kauri, shi ya sa muka saba da shi. A wannan haɗin ba abin dogaro ba ne. Gulukosaid ba ya jin gishiri, betain ya riga ya zo da nasa a ciki, ƙari kuma yana iya korar SCI daga cikin ruwan ya dawo tsaki. Ki bar shi a kicin. Xanthan ma kada ya wuce kashi 1, in ba haka ba sabulun zai riƙa yauƙi kamar miyar kuɓewa, kuma ba mai son shafa wannan a jiki. Wadda ba ta son yanayinsa tana iya amfani da nitirosol ɗin da ta sani, Hydroxyethylcellulose ke nan, a wajen kashi 1.

Mataki na 4: haɗewa

Ruwan kaurin ake kai wa SCI, kaɗan-kaɗan, dukansu da zafinsu. Ki zuba kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ki juya har ya shige, sannan ki ƙara. Idan kika juye ruwa mai sanyi a kan narkakken SCI, nan take zai ƙulle. Juyawa a hankali, cokali yana ƙasa, ba bugu irin na ƙwai ba, don kada ki cika shi da kumfa.

Ki sauke ki bar shi ya huce zuwa ƙasa da digiri 50 kafin ki sa gulukosaid. Dalili: gulukosaid yana zuwa da pH mai tsawo, wajen 11 zuwa 12, SCI kuwa yana rushewa idan zafi ya haɗu da irin wannan kaifin. Ki rage kamar giram 10 na gulukosaid a gefe.

Mataki na 5: cikon ruwa, magani da turare

Ki ɗora kwanon a sikeli, ki cire nauyinsa da kika rubuta. Kafin magani da turare ya kamata abin da ke ciki ya kai giram 969 a haɗin kilo ɗaya, tunda an rage gulukosaid giram 10. Abin da ya yi ƙasa da haka turiri ne ya tafi da shi, ki mayar da tataccen ruwa. Wadda ba ta yin wannan ciko sabulunta yakan fi lissafinta ƙarfi, kuma kowane haɗi da irin kaurinsa.

Idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 40, ki dama turaren da gulukosaid ɗin da kika rage, ki zuba, sannan maganin hana lalacewa. Turare ya zama wanda aka yi don fata, ba na turaren wuta ko na sabulun mota ba. Wasu turarukan suna tsinka haɗi, shi ya sa gwajin giram 200 yake da amfani.

Famalin kuwa ki raba kanki da shi. Hukumar binciken kansa ta duniya ta sa sinadarinsa a sahun farko na masu jawo cutar tun 2004, Tarayyar Turai kuma ta hana zuba shi a kayan kwalliya a 2019. Kada kuma ki ce tunda na gida ne ba sai an sa magani ba. Abin da fiye da rabinsa ruwa ne, aka ajiye shi a banɗaki mai ɗumi, gona ce ta ƙwayoyin cuta, kuma ba lallai ya yi wari ko ya canza kala ba kafin ya zama haɗari ga ido da ƙurji. Phenoxyethanol ba a wuce kashi 1 da shi. Akwai masu son Sodium Benzoate saboda arha, amma shi sai pH ya yi ƙasa da 5 yake aiki sosai, SCI kuma ba ya daɗewa lafiya a irin wannan tsamin. Ba su dace da juna a nan ba.

Mataki na 6: daidaita pH

Ma'aunin pH daga 0 yake zuwa 14. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa da toka. Fatar mutum tana wajen 4.5 zuwa 5.5, sabulun gargajiya, har da sabulun salo, yana wajen 9 zuwa 10. Mu muna neman 5.5 zuwa 6, inda fata za ta ji daɗi, SCI kuma ba zai rushe ba.

Ki narkar da sitirik asid giram 5 a ruwa giram 5. Ki ɗebi giram 1 na sabulun ki sirka da tataccen ruwa giram 9, a nan za ki tsoma abin awo. In ya fi 6, ki ɗiga ruwan asid kaɗan a babban kwanon, ki juya sosai, ki sake ɗiba ki auna. A haɗin giram 200, ɗigo biyu-biyu ya isa. Haƙuri ake yi, domin saukarwa ta fi hawarwa sauƙi. In hannu ya zarce, ki narkar da kostik soda giram 1 a ruwa giram 9, da safar hannu, ki dawo da shi da ɗigo. Bayan nan ki cike da ruwa zuwa cikakken nauyi, ki rufe, ki bar shi kwana ɗaya. Washegari kumfar ta kwanta, kaurin gaskiya ya bayyana, ki sake auna pH sannan ki ɗura. Zai fito fari-fari mai ɗan sheƙi, ba garau kamar na teksafon ba. Haka halinsa yake.

Kafin ki sayar wa kowa

Ki cika ƙananan kwalabe uku. Ɗaya a firiji, ɗaya a ɗaki, ɗaya a wuri mai zafi. Kamfanoni suna ajiye samfur a digiri 40 zuwa 45 na tsawon wata 3, mu kuwa a watan Afrilu ɗakin kwano ya ishe mu wannan aikin. Duk mako ki duba kala, ƙamshi, kauri da pH, ki rubuta da kwanan wata. Ta firijin ita ce za ta gaya miki abin da zai faru da hunturu. In ta yi tsaki, ki rage SCI zuwa giram 60 ki ƙara betain zuwa 240 a haɗi na gaba.

Ki gwada a cikin gwiwar hannu na kwana biyu ko uku kafin fuska. Laushi ba ya nufin kowa zai ɗauka. Ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin borin fata ta ayyana betain a matsayin sinadarin da ya fi jan hankalinta a 2004, gulukosaid da danginsa kuma a 2017. A betain, ragowar sinadaran sarrafawa ne suka fi jawo borin, shi ya sa arhar da ba a san tushenta ba take da tsada. Sabulun nan kuma yana shiga ido ya yi zafi, kada ki rubuta cewa na jarirai ne.

Za a matsa miki ki zuba zuma, madara, kurkur, ɗanyen alobera ko man kaɗe don a ce "na gargajiya". Ɗanyun kayan nan abinci ne ga ƙwayoyin cuta, suna fin ƙarfin maganin da kika sa. Mai kuma yana kashe kumfa, in ya wuce kashi 1 ko 2 sai ya taso sama. Man kaɗe a shafa shi bayan wanka, jiki da ɗan danshi, can ne yake aikinsa. Masu neman a sa musu sinadarin bilicin kuwa, ki ba su haƙuri.

Don na wanke fuska, ki ɗauki SCI giram 40, betain 130, gulukosaid 40, jimillar tsantsa ta zama 9.3, ki cike gurbin da ruwa, turare kuma ki rage shi sosai ko ki bar shi. Don shamfu, SCI 70, betain 170, gulukosaid 40 suna ba da kusan 13, wanda ya dace da gashinmu mai saurin bushewa, ko da yake wadda ta tsefe kitson wata guda mai cike da man gashi sai ta wanke sau biyu. In za ki sa sinadarin laushin gashi irin Polyquaternium, ki koma nitirosol, domin ba ya shiri da xanthan.

In kin kai ga sayarwa a shaguna, sai rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 wadda kayan kwalliya suke ƙarƙashinta, da gwajin ƙwayoyin cuta a ɗakin bincike, wanda ba a iya yinsa a gida. A jikin kwalba ki jera sunayen sinadaran daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, da nauyi, lambar haɗi, ranar yi da ranar ƙarewa. Sannan ki shirya amsar tambayar da kusan kowace mai saye za ta yi a makon farko: "Hajiya, ya na ji jikina da santsi kamar bai fita ba?" Ta saba da fatar da take ƙara idan an murza ta bayan wanka, ita ce alamar tsafta a wurinta. Ni nakan ce ta goge wuyanta da farin tawul ta duba, sannan ta lura ko ƙafarta ta yi fari kafin ta kai ga shafa mai.